Darasi Na 17: Tsoron Ɓarayi Cikin Unguwa

Jama'a, darasinmu na yau ya shafi kowa, mai gida da uwar gida, saurayi da tsoho. Za mu yi magana a kan tsoron ɓarayi da 'yan ƙwace cikin unguwannin birni. Ga kuwa dalilin da ya sa muka zaɓe shi.

Kwanakin baya muka fita zagayen azuzuwan dare. Muka isa wani aji a wata unguwa ta wajen Kano, inda da mu kan tarar da ɗaki cike, har waɗansu na zaune a bakin ƙofa. Ran nan sai muka iske malami da mutum shida kaɗai. Muka ce, ina sauran? Aka ce ai unguwa ta lalace, 'yan ƙwacen waya sun hana kowa fita bayan lisha. Muka ce, Allah ya sawwaƙe, mutum nawa aka yi wa ƙwacen? Wani ya ce ai ba su ƙidayuwa. Muka ce, to, a faɗa mana waɗanda aka sani. Wani ya ce an tare wani tela a lungun bayan masallaci. Wani ya ce shi kuma ya ji an sari wani saurayi a hannu. Na uku ya ce wani baƙo mai keke ne aka raba da wayarsa.

Da muka bi diddigi, ashe duk mutum ɗaya ne. Telan saurayi ne, a kan keke ya ke, bai kuwa daɗe da tarewa a unguwar ba. An yi masa ƙwace da gaske, an ji masa rauni har sai da aka yi masa ɗinki a asibiti. Amma ƙwace ɗaya ne, a dare ɗaya, mako bakwai da suka wuce. Shi har ya koma shagonsa yana ɗinkin kayan salla, su kuwa 'yan aji suna gida ƙofa a rufe.

Ba mu yi wa kowa dariya ba, kada ku ma ku yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sai dai abin ya tsaya mana a rai, gama mutanen nan sun kusa gama littafi na biyu, saura kaɗan su zauna jarrabawa.

Abu biyu ne a nan, ya kamata mu rarrabe su. Akwai haɗari, akwai tsoro. Haɗari shi ne abin da ke iya samun mutum da gaske, ana iya ƙidaya shi: gida nawa aka fasa bana, mutum nawa aka tare. Tsoro kuwa a zuci ya ke. Wani lokaci su kan tafi tare. Wani lokaci tsoro ya yi wa haɗari nisa. Wani lokaci kuma haɗari na nan tsaye a bakin ƙofa, mutum bai ko kula ba. Mun san mai gidan da ba ya yarda ya taka ƙafa zuwa bakin titi da dare, amma da safe ya ɗauki 'ya'ya uku a kan babur, ba wanda ke da hular kwano, ya shiga tsakanin manyan motoci. Alhali kuwa hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa ta ƙidaya fiye da mutum 5,000 da suka mutu a kan hanyoyin Nijeriya cikin 2023, haka kuma cikin 2024.

Yadda aka tsare birni a da

Dattawa su kan ce a zamaninsu ƙofa a buɗe a ke kwana. Bari mu duba mu gani.

Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa. Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Wani Bature matafiyi, Clapperton, ya shigo Kano cikin 1824, ya rubuta cewa ya ga ƙofofi 15, ana buɗe su da fitowar rana, a rufe da faɗuwarta. Kowace ƙofa da sarkinta. Har yau muna da sunayensu a baki, Ƙofar Mata, Ƙofar Nasarawa, Mazugal, Kabuga, Ɗan Agundi da sauransu, ko da ya ke yanzu motoci ke ratsa su dare da rana.

Amma ganuwa don mayaƙa aka yi ta. Ɓarawon akuya a cikin ganuwa ya ke kwana. Abin da ya tsare mutane daga irinsa shi ne sanin juna. Baƙo ba ya wuce zaure. Falke in ya shigo gari da kaya, wurin fatomansa ya ke sauka, fatoma kuwa shi ke amsa tambaya a kansa. In baƙuwar fuska ta kwana biyu a unguwa, mai unguwa ya sani, daga gare shi magana ta hau sama har fada. Ga dogarai. A zamanin Turawa aka kafa 'yan doka na En'e, suka yi aiki har ƙarshen shekarun 1960, sa'ad da gwamnatin soja ta haɗe su da 'yan sandan Nijeriya.

Kada dai mu ce zamanin da babu ɓarayi. In da babu su, da ba a gina gidan yari ba, da kuma ba mu gaji maganar rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya ba. Tsoho in ya tuna ƙuruciyarsa, daɗin ya kan riga ɗacin zuwa.

Abin da ya sake da gaske shi ne yawan jama'a. Ƙidayar 1952 ta sami mutum kimanin 130,000 a Kano. Yau ana ƙiyasta birni da kewaye sun haura miliyan huɗu. Wuraren da a da gonaki ne, irin su Kurna, da Rijiyar Lemo, da Ɗorayi, da Sheka, da Hotoro, kowanne yanzu ya fi tsohon gari guda na lardi yawan mutane. Gida ɗaya na haya ya kan tara mutum daga gari biyar. Wannan ya tashi, wancan ya tare. Mai unguwa komai ƙoƙarinsa ba ya iya sanin kowa. To, inda ba ka san mutane ba, kowace inuwa ɓarawo ce.

Labari ya fi ɓarawo gudu

A da, in aka yi sata a wata unguwa, sai labari ya bi baki ya zo kasuwa, ya kwana biyu ya mutu. Yanzu ko kafin wanda aka sara ya isa asibiti, hoton jininsa ya shiga wayar mutum dubu ta WhatsApp da Facebook. Bayan wata uku wani ya sake turo hoton nan, ya ce jiya aka yi. Wani ya sake sunan unguwa. Wani lokaci ma hoton ba na ƙasarmu ba ne. Rediyo da safe ba ta faɗin gidaje dubu ɗari da suka kwana lafiya, gama wannan ba labari ba ne. Gida ɗaya da aka fasa shi a ke faɗi. Ba laifin masu rediyo ba ne, aikinsu ke nan. Sai dai mai saurare ya riƙa tunawa da gidajen da ba a ambata ba.

Ba mu kaɗai wannan ke damu ba. A Ingila, tun 1982 gwamnati ke aika ma'aikata gida gida, suna tambayar dubban mutane ko an yi musu sata, ko an doke su, cikin shekarar da ta wuce, ko sun kai ƙara ko ba su kai ba. Lissafin ya nuna laifuffukan nan sun kai ƙololuwa cikin 1995, daga nan suka yi ta raguwa, har cikin shekara 20 suka ragu da fiye da rabi. Amma duk cikin shekarun nan, in aka tambayi mutane ko laifi na ƙaruwa a ƙasa, galibinsu su kan ce yana ƙaruwa. In kuwa aka ce, to, a unguwarku fa? Sai masu cewa ya ƙaru su ragu ƙwarai. Haka a Amurka. Daga 1993 zuwa 2019 laifuffukan duka da kisa da fashi sun ragu da kusan rabi, amma a mafi yawan shekarun nan mutane sun ce bana ta fi bara muni.

Ku lura da wannan da kyau. Mutum da idonsa ya ke auna unguwarsu, amma da kunnensa ya ke auna unguwar wasu. Shi ya sa za ka ji mutumin cikin gari na cewa ba ya shiga unguwa kaza da dare ko da kuɗi, mutumin unguwa kaza kuma na faɗin haka game da lungunan cikin gari. Kowa kuwa a gidansa ya ke barci har da minshari. Bayan harin ranar 20 ga Janairu 2012, wanda ya ci rayuka fiye da 180 a Kano, aka sa dokar hana fita, aka kafa shingaye, cikin Janairu 2013 kuma aka hana acaɓa. Wahala ce ta gaske, wanda ya gani ba ya mantawa. Amma shekaru bayan ƙura ta lafa, 'yan uwa na nesa suna ta bugo waya suna cewa a taso a bar garin, alhali Kantin Kwari ba wurin sa ƙafa don ciniki.

Ba mu kawo labarin Ingila da Amurka don mu ce laifi ya ragu a ƙasarmu ba. Ƙwacen waya a Kano ba tatsuniya ba ne, an rasa rayuka a kansa, faɗan daba kuma ya sa gidaje da yawa makoki. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi irin tambayar nan ta gida gida, ta fitar da sakamako cikin Disamba 2024. Satar waya ce ta zo kan gaba cikin laifuffukan da a ke yi wa mutum a kan kansa. Ta kuma samu cewa cikin gidajen da 'yan fashi suka shiga, waɗanda suka kai ƙara wurin 'yan sanda ba su fi kashi ɗaya cikin uku da 'yan kai ba. Watau littafin caji ofis ba ya ɗauke da ko rabin abin da ke faruwa, labarin waya kuwa ya ninka shi. Gaskiya na tsakani, sai an neme ta.

Wa ke tsoro, wa a ke sara?

Masu irin wannan bincike a ƙasashen Turai da Amurka sun tarar da wani abin mamaki. Tsofaffi da mata su suka fi kowa tsoron fita da dare, amma samari su aka fi duka da sara a kan titi. Dalili a fili ya ke. Saurayi ne ke yawo ƙarfe goma sha ɗaya da waya a kunne, shi ke tsayawa kallon faɗa, shi ke cewa ba wanda ya isa ya karɓi wayarsa yana raye. Muna roƙon samarin ajinmu su ji wannan: in an zare muku wuƙa, ku ba da wayar. Ana sayar da wata a Farm Centre. Hannu kuwa ba a sayar da shi a ko'ina.

Amma kada wani ya ce tsoron mata da tsofaffi wauta ce. Saurayi in aka ture shi ya faɗi, ya tashi ya kaɗe riga. Tsohuwa in ta faɗi ƙugu ya goce, ta yiwu ta tashi ke nan daga tafiya. Mace kuma tana gamuwa da abin da ba ya shiga littafin kowa: a bi ta a baya, a jefa mata magana, mai adaidaita sahu ya bar hanya ya shiga da ita inda ba ta ce ba. Ba ta faɗa a gida, don kada a hana ta fita gaba ɗaya. In mace ta ce ba ta son lungu kaza, a tambaye ta dalili, galibi akwai shi.

Sa'an nan akwai wata magana mai nauyi, tilas mu faɗe ta. Tsoronmu baƙo ya ke kallo, cuta kuwa sau da yawa daga wanda aka sani ta ke fitowa. Satar yara ta baƙi gaskiya ce. Cikin Oktoba 2019 'yan sanda suka ba da sanarwar ceto yara 9 da aka sace daga Kano aka kai Jihar Anambra. Amma ku tuna yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a Kano cikin Disamba 2021, aka kashe ta. Mai makarantar da ta ke karatu ne ya aikata, kotu ta yanke masa hukuncin kisa cikin Yuli 2022. Yarinya ta san shi, shi ya sa ta bi shi. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta nuna cewa cikin matan da a ke kashewa a duniya, fiye da rabi miji ne, ko saurayi, ko ɗan uwa ya kashe su. Kwaɗon ƙofa ba ya maganin wannan. Maganinsa a saurari yaro in ya ce ba ya son zuwa wurin wane, a kuma ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci in an ji kuka ya yi yawa.

Abin da tsoro ke ci

Wani zai ce, to, in tsoro ya yi yawa ina laifi? Ai rigakafi ne. Akwai laifi.

Na farko, tsoro na kwashe mutane daga hanya. Wata marubuciya a Amurka, Jane Jacobs, ta yi littafi cikin 1961 a kan rayuwar birane, ta nuna cewa abin da ya fi tsare titi shi ne idanun mutanen da ke harkarsu a kansa. Mu ma mun san haka ba da littafi ba. Mai shayi a bakin layi, da mai tsire, da 'yan majalisa da ke hira a kan tabarma, da masu dawowa daga karatu, duk masu gadi ne da ba a biyansu. In kowa ya shige gida tun magariba, mai shayi ya rasa ciniki ya tashi, layi ya yi tsit. Sa'an nan ɓarawon da a da ba ya iya tsayawa ya sami fili. Unguwar da aka yi wa ƙaryar lalacewa sai ta lalace da gaske. Mutum ashirin masu tafiya aji da fitila ƙarfe takwas, su komo ƙarfe goma, sun fi ƙofar ƙarfe amfani ga layinsu.

Na biyu ya fi muni. Mai tsoro ba ya tambaya, duka ya ke kai wa. Cikin Maris 2025 waɗansu mafarauta 'yan Jihar Kano suka taso daga Fatakwal za su gida salla. A Uromi ta Jihar Edo 'yan sintiri suka tare motarsu, suka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne. Jama'a ta taru, aka kashe mutum 16. Mutanen yankin sun sha wahalar masu garkuwa da gaske, tsoronsu na da tushe, amma waɗanda suka kashe ba su ne suka cuce su ba. Duk mun yi baƙin ciki, mun kuwa yi fushi. To, mu tambayi kanmu. In aka yi ihun ɓarawo a kasuwarmu, mutum nawa ke tsayawa su ji me ya sata kafin su ɗauki dutse? Wanda ya zo daga baya ma, bai ga komai ba, shi ya fi kowa duka. Wani lokaci wanda a ke duka mai tabin hankali ne, ko baƙon da ya ɓata hanya, ko kuwa mai bin bashi ne wanda a ke bi ya yi masa ihu. Doka ta yarda mutum ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma ta ce a miƙa shi ga 'yan sanda ba da jinkiri ba. Wanda ya kashe shi ya yi kisan kai, ko da kayan sata na hannun mamacin.

Abin da unguwa za ta iya

Waɗansu abubuwa na rage tsoro kaɗai, waɗansu na rage laifin kansa. A birnin Newark na Amurka, cikin shekarun 1970, aka gwada fitar da 'yan sanda daga mota su riƙa zagaya unguwa a ƙasa. Da aka yi lissafi, laifi bai ragu ba, amma mutane sun ce hankalinsu ya fi kwanciya. Wannan ma riba ce, gama mai kwanciyar hankali ya kan fito.

Haske kuwa ya yi duka biyu. A New York cikin 2016 aka ɗauki unguwannin gidajen gwamnati, aka yi ƙuri'a, rabi aka kafa musu manyan fitilu, rabi aka bar su yadda su ke. Inda aka sa fitila, manyan laifuffukan dare na waje suka ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku. A Filadalfiya kuma aka share filayen da aka yasar, aka kwashe shara, aka shuka ciyawa, aka kewaye da ɗan gajeren shinge. Sakamakon da aka buga cikin 2018 ya nuna harbe-harbe sun ragu da kusan kashi 3 cikin 10 a unguwannin matalauta. Ba soja aka kawo ba, tsintsiya ce da shebur. Mu ma kowace unguwa na da kangonta, ginin da mai shi ya fara ya bari, inda yara ke taruwa shaye-shaye. Kowa ya san shi, kowa ya san mai shi. A je da mai unguwa a same shi, ya toshe ƙofar ko ya sa mai gadi. Fitila mai aiki da hasken rana kuma, in gida goma suka haɗa kuɗi, ba ta fi ƙarfinsu ba. A kafa ta a lungun da mata suka nuna, ba a ƙofar mai kuɗin layi ba.

Game da 'yan sintiri, muna yaba musu, suna kwana a tsaye don mu yi barci. Amma a rubuta sunayensu, mai unguwa da caji ofis su san su, kuɗin da a ke tarawa kuma a shigar da shi littafi a karanta wa jama'a duk wata. Kada a ɗauki ɗan daba a ba shi gora a ce ya yi gadi don ana tsoronsa. Su 'yan daban ma ba daga sama suka faɗo ba. Kowane ɗaya na da uwa a cikin layin nan, galibi kuwa an san wanda ke sayar musu da ƙwaya, an san ɗan siyasar da ke neman su in zaɓe ya matso.

Mutane da yawa ba sa kai ƙara don tsoron kada ƙara ta juye kansu. Mun san dalilinsu, ba za mu ce ba a taɓa cutar mai ƙara ba. Amma ku san abin da doka ta ba ku. Beli kyauta ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a madadin wani, watau ba a tsare uba don an rasa ɗansa. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112, ba a cire kuɗi. In za ku caji ofis, ku tafi ku biyu ko uku, ɗaya mai iya karatu, kada kuwa ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba.

A nan ne karatunku zai yi muku rana. Kowace waya na da lamba tata mai alƙaluma 15, wadda ba ta sakewa ko an sake layi. Ku danna *#06# za ta fito. Ku kwafe ta cikin littafinku a gida, tare da rasit ɗin sayen wayar. In an sace, ita 'yan sanda za su tambaya. In kuma za ku sayi waya ta hannu, ku nemi rasit, gama ba don masu sayen ta sata da araha ba, da ba wanda zai zare wuƙa a kan waya.

Sa'an nan aji ya buɗe littafi guda na unguwa. Duk abin da ya faru a rubuta: rana, da lokaci, da wuri, da abin da aka ɗauka, da wanda ya gani da idonsa. Abin da aka ji kawai ba a rubuta shi sai an sami mai shi. Bayan wata uku ku karanta. Ta yiwu ku tarar abin bai kai yadda a ke faɗi ba. Ta yiwu kuma ku tarar ya fi, amma duk a lungu biyu ya ke faruwa, tsakanin tara da sha ɗaya. In haka ne, kun san inda za a sa fitila, kun kuma sami takardar da za ku kai wa dagaci da 'yan sanda, maimakon ku je kuna cewa ai ba su ƙidayuwa.

Haka muka yi da ajin nan da muka ba ku labari. Malami ya bi gidajen ɗalibai da rana, aka shirya masu zuwa daga layi ɗaya su riƙa haɗuwa a ƙofar masallaci su taho tare, su koma tare. Ajin mata aka mai da shi bayan la'asar, gama su abin da suka faɗa game da lungun ya tabbata. Ba duka suka dawo ba, waɗansu har yanzu muna bin su. Telan kuwa ya sa sunansa cikin sababbin ɗalibai, ya ce yana so ya iya rubuta awon mutane da kansa.

Tambayoyi da aiki

1. Mene ne bambancin haɗari da tsoro? Kowa ya kawo misali daga unguwarsu.
2. Don me mutum ya kan fi tsoron unguwar da ba ya zuwa?
3. In kun ji ihun ɓarawo, jama'a ta kama mutum, me doka ta ce a yi da shi?
4. Ku tuna labarin sata na ƙarshe da kuka ji. Wa ya gaya muku? Shi kuma wa ya gaya masa? Ku rubuta amsa cikin layi uku.
5. Kowa ya fito da lambar wayarsa mai alƙaluma 15, ya rubuta ta, na kusa da shi ya duba ko daidai ne.